Kurmin Taman Negara da Tsibiran Langkawi a Tafiya Ɗaya: Wane Wata Ya Dace, Kuma Da Wanne Za a Fara?

Tambaya: Mu shida ne, maza huɗu da mata biyu, muna da hutun mako biyu. Burinmu mu je Malesiya mu shiga kurmin Taman Negara da ƙafa har mu kwana a ciki, daga nan mu wuce Langkawi mu hau jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, mu zaga tsibirai. Mun sa ranar tafiya a Disamba. Biyu daga cikinmu ba su iya iyo ba, kuma babu wanda ya taɓa kwana a teku. Yaya za mu tsara?

Amsa: Malam, abin da za ku fara gyarawa shi ne watan. Wuraren nan biyu suna ƙasa ɗaya, amma damina ba ta sauka musu lokaci ɗaya, kuma a nan ne yawancin masu haɗa su a tafiya guda suke yin asarar rabin kuɗinsu.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ruwa daga Tekun Kudancin Sin ta juye shi a gabashin ƙasar da tsakiyarta, wato jihohin Kelantan, Terengganu da Pahang. Waɗannan jihohi uku su ne Taman Negara ke shimfiɗe a cikinsu. Kafin iskar ta tsallake duwatsun tsakiya ta isa Langkawi a arewa maso yamma, ta riga ta sauke kayanta, ta zama busasshiya. Saboda haka Disamba wata ne mai kyau ƙwarai ga mai jirgi a Langkawi, amma shi ne mafi muni ga mai shiga kurmi. Kogin Tembeling yakan cika ya yi ja, hanyoyi su zama taɓo, kuma hukumar dajin takan rufe dogayen hanyoyi a wannan tsakani. A Disambar 2014 ruwa ya shanye ƙauyen Kuala Tahan, ƙofar shiga dajin, sai da aka kwashe baƙin da suka maƙale. Daga Mayu zuwa Oktoba kuma abin ya juye: kurmi ya sarara, Langkawi ta shiga ruwa da guguwar dare, musamman Satumba da Oktoba.

Inda lokutan biyu suka haɗu ɗan siriri ne: daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Afrilu. A cikinsa ma ƙarshen Fabrairu da makon farko na Maris sun fi, domin kogi ya sauka, kuma iska ba ta mutu ba tukuna. Idan aka kai Afrilu iskar takan yi rauni, sai ka biya kuɗin jirgin filafilai ka wuni kana jin ƙarar inji. Ku duba kalanda kafin ku yanki tikiti, don a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai wannan tsakanin: a 2026 ya kama bayan tsakiyar Fabrairu, kuma yana ja baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Tafiyar kurmi da baki a rufe ba abin da zan ba kowa shawara ba ne. Matafiyi yana da rangwame, amma mutane da yawa ransu ba ya son shan azumi saboda yawon buɗe ido, kuma suna da gaskiyarsu. To a matsa zuwa bayan salla. Haka nan sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke zuwa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, tana cika masauki da jirage ta ɗaga farashi.

Takardu ba su da yawa amma ba a wasa da su. Fasfo ya zama yana da sauran wata shida aƙalla. Ɗan Najeriya sai da biza, kuma duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara, Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan duk suna ciki, dole ya nuna katin rigakafi, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Akwai kuma takardar isowa ta intanet da suke kira MDAC, ana cike ta cikin kwana uku kafin sauka. Ku buga tikitin dawowa, takardar masauki da ta hayar jirgi a takarda, ku riƙe a hannu, domin jami'an shige da fice a Kuala Lumpur sukan tsaurara tambaya. Kada kowa ya karɓi saƙon wani ya sa a jakarsa, kuma duk magani mai ƙarfi ya zo da takardar likita, saboda dokar ƙwaya a can tana kaiwa ga kisa. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, ana iya ƙwace su a filin jirgi.

Kurmi kafin teku

Ku fara da kurmi. Dalilin a fili yake: kurmi yana cin ƙarfi, teku tana mayar da shi. Wanda ya yi kwana huɗu yana kwance a kan jirgi rana ta gasa masa kafaɗa, ba zai iya goya jaka mai kilo goma a kan wannan fatar ba. Sai dai ku bar kwana ɗaya ko biyu tsakaninsu don raunukan ƙafa su kame, zan faɗi dalili a gaba.

Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai, kuma tafiyar, ko ta Addis Ababa aka bi ko ta Doha ko Istanbul, tana cin kusan yini da kwana. Ku kwana biyu a Kuala Lumpur kafin ku motsa. Rana ta uku mota za ta kai ku Jerantut cikin awa uku ko makamancin haka. A nan za ku ciri kuɗin hannu na ringgit wanda zai ishe ku, kada ku dogara da samun na'urar cire kuɗi a bakin daji. Daga Jerantut ko dai a ci gaba da mota zuwa Kuala Tahan, ko a sauka Kuala Tembeling a shiga dogon kwalekwale mai inji, awa biyu da rabi zuwa uku a kan kogi. Ku shiga ta ruwa, ku fita ta mota. Shigar ta ruwa tana da daɗin ido, amma zama ne a ƙasan katako ƙafa a lanƙwashe, sau ɗaya ya isa.

Dajin yana da faɗin murabba'in kilomita 4,343, an kafa shi a ƙarshen shekarun 1930 da sunan Sarki George na Biyar, aka sauya masa suna bayan samun 'yancin kai a 1957. Hukumar namun daji, PERHILITAN, ita ke ba da takardar shiga da ta ɗaukar hoto a ofishinta da ke tsallaken kogi. Kuɗin kaɗan ne, amma tarar rashinta ba kaɗan ba ce, kuma takardar ita ce shaidar cewa kuna ciki idan aka tashi nema.

Ranar farko a dajin ta gwaji ce. Ku hau Bukit Teresek, tudu ne mai tsayin mita 334 kusa da ofishin, yawancin hanyarsa katako ne da matakala, awa biyu zuwa uku zuwa da dawowa. Ku sa takalman da za ku yi doguwar tafiya da su, ku goya jakunkunan da nauyinsu. Wanda ya galabaita a Teresek ya faɗi gaskiya tun a nan, ya zauna a Kuala Tahan ya yi gajerun hanyoyi, ba abin kunya ba ne. Gadar igiya da ke rataye a saman bishiyoyi, mai tsawon fiye da rabin kilomita, tana kusa, amma ana yawan rufe ta don gyara ko saboda ruwa, kada ku gina tafiyar a kanta. Gunung Tahan kuwa, dutsen da ya fi kowane tsayi a ɓangaren ƙasar da ke haɗe da nahiyar Asiya, mai mita 2,187, yana cin mako guda daga Kuala Tahan. Ba naku ba ne a wannan karon.

Tafiyar da ta dace da ku ita ce ta kwana ɗaya a kogon Kepayang Besar. Kwalekwale zai haura da ku kogi zuwa Kuala Keniam, ku taka kimanin kilomita takwas zuwa kogon, ku kwana, washegari ku sake taka wasu takwas zuwa Kuala Terenggan inda kwalekwale zai ɗauke ku. Dole sai da jagora mai lasisi. Kilomita takwas a kunnen mutumin da ya saba taka ƙasa mai faɗi ba komai ba ne, tafiyar awa ɗaya da rabi ce. A kurmi awa biyar ce zuwa bakwai. Saiwoyi sun sarƙe hanya, ga gangare da hayi ba iyaka, ga rafuka da ake tsallakawa a kan gungume mai santsi, ga ƙayar rotan da ke kama riga ta riƙe mutum. Idan ta kama ka, ka tsaya ka ja da baya ta sake ka. In ka fizga za ta yaga rigar da fatar. Kilomita ɗaya da rabi a awa shi ne lissafin gaskiya. Rana tana faɗuwa bayan ƙarfe bakwai, amma a ƙarƙashin bishiyoyi duhu yana rigan ta da kusan awa guda, don haka a tashi da wuri.

Babban abin da ke kayar da mutanenmu shi ne raina zafin. Wanda ya sha rana a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, in aka ce masa digiri 30 ne sai ya ga wasa ne. Zafinmu busasshe ne, gumi yana fita iska ta ɗauke shi jiki ya huce. A can iska cike take da laima, sau da yawa sama da kashi 80 cikin ɗari, kuma ba ta motsi a cikin kurmi. Gumin zai yi ta zuba ba ya bushewa, jiki ba ya sanyi, ruwa da gishiri suna ta ƙarewa. Alamun farko su ne ciwon kai, ɗaurewar nama a ƙwauri, da fitsari kaɗan mai duhu. Kowa ya sha lita uku zuwa huɗu a yini, kurɓi-kurɓi, kuma lita ɗaya a ciki ta zama da garin gishiri da sukari na kemis. Zuba ruwa zalla da yawa ba tare da gishiri ba shi ma yana da nasa haɗarin. Wanda ya fara rikicewa, yana magana ba kai, ko yana tangaɗi, a tsaya nan take a kwantar da shi a jiƙa shi da ruwan rafi a yi ta fifita. Mai ciwon sikila kada ya yi wannan tafiyar ta kogo, kuma mai ɗauke da rabin jinin, wato AS, ya sani ƙishirwa da wahala mai tsanani sun fi yi masa illa, ya ga likita tun a gida.

Kaya kala biyu kawai ake buƙata, kuma wannan ƙa'ida ce da ba a karyawa. Ɗaya na tafiya, wanda zai jiƙe cikin minti ashirin kuma ba zai bushe ba har ku fito. Ɗaya na barci, a ƙulle cikin leda biyu a ƙasan jaka. Da safe a cire busasshen a mayar da jiƙaƙƙen, duk da sanyinsa da warinsa. Wanda ya ji ƙyashi ya fita da busasshen, daren gaba ba shi da abin sawa. Yadin auduga da wandon jins suna shan ruwa su yi nauyi su goge cinya har ta saɓule, a nemi yadin roba marar nauyi mai dogon hannu, a shafa basilin a matsematsi da hammata. Ga mata, dogon wando mai sakewa da riga mai kaiwa gwiwa, da ƙaramin hijabi irin na matan Malesiya da ake zurawa ba fil. Babban hijabi mai jan ƙasa ƙaya za ta kama shi a daji, a jirgi kuma na'urar naɗe igiya za ta iya cafke shi. Takalmin fata mai hana ruwa shiga, in ruwa ya shiga ta sama ba ya fita. Jagorori da kansu takalmin roba mai ƙusoshi suke sawa, wanda suke kira Adidas kampung, ana samun sa da araha a Jerantut. Ku ɗauki wanda ya ɗara ƙafa kaɗan, ku sa da safa mai kauri. Da dare a wanke ƙafa, a tsane tsakanin yatsu, a barbaɗa hoda, in ba haka ba cin ruwa zai kama ta cikin kwana biyu. Jaka kada ta wuce kilo goma zuwa goma sha biyu har da ruwa. Fitilar goshi da batir na ajiya da usur a wuyan kowa.

Sai matsattsaku, wanda suke kira pacat. Ba na ruwa ba ne irin wanda muka sani a tafki, a kan ganye da ƙasa yake, yana jin ɗumin jiki ya hau takalmi ya nemi fata. Cizonsa ba ya zafi kuma ba a san shi da yaɗa cuta ba, sai dai yawunsa yana hana jini daskarewa, wurin zai yi ta tsiyaya na awoyi. Ana sayar da doguwar safar yadi da ake sawa a kan wando a ɗaure ƙarƙashin gwiwa, ku saya tun a Kuala Tahan. In ya kama, a sa farce a gefen siririn bakinsa a ture shi a kwance, a yar. Kada a ƙona shi ko a zuba masa gishiri yana manne, yakan amayar da abin cikinsa a raunin. A wanke, a shafa aidin, a danne da auduga, a rufe. Matsalar ba cizon ba ce, susar da ke biyo baya ce, ita ke mayar da shi gyambo.

Kada ku sa rai da ganin manyan dabbobi. Akwai giwa da damisa mai ratsi da ɓaunar daji, amma kurmi mai duhu ne kuma suna gudun mutum. Abin da za ku samu shi ne sawun giwa da kashinta a kan hanya, kukan birai da asuba, manyan tsuntsaye masu ƙaho a baki da ake jin fukafukansu kafin a gan su, da bishiyar tualang da ke tsere wa sauran tsawo, ƙudan zuma na rataye saƙarsu a rassanta. A kogon akwai jemagu da ɓeraye, beguwa ma takan leƙo neman abinci, don haka a rataye abinci nesa da wurin kwanciya, a zazzage takalmi kafin a sa. Abubuwan da suka fi kashe mutane a kurmi ba su da haƙori: reshen da ya ruɓe ya faɗo lokacin iska, rafin da ya cika farat ɗaya saboda ruwan da aka yi can sama, da ɓata. Idan ruwa ya sauya launi ko ya kai cinya yana gudu, a jira. Wanda ya rabu da ayari ya tsaya inda yake ya busa usur sau uku-uku, kada ya ce zai yanke hanya. Za a kai ku zangon mutanen Batek, mazauna dajin na asali, su nuna yadda suke kunna wuta da igiyar rotan da farauta da bututun hurawa. Gidajensu ne, a nemi izini kafin a ɗaga waya, kuma a sayi abin da suke saƙawa hannu da hannu.

Batun sauro yana da wani saƙo da ya shafi rabin tafiyar na biyu. A dazukan Malesiya akwai nau'in maleriya da ke fitowa daga birai, knowlesi, mai saurin yaɗuwa a jini, kuma sabon da jikinmu ya yi da maleriyar gida ba garkuwa ba ne a kansa. Idan likita zai rubuta maganin kariya, ku gaya masa za ku yi kwanaki a teku, domin doxycycline yana sa rana ta ƙone fata da sauri, ga shi sai an ci gaba da shan sa mako huɗu bayan fitowa. Atovaquone da proguanil ba shi da wannan matsalar. Man korar sauro mai DEET kashi 30 zuwa 50 ya isa, amma yana narkar da roba, a nisanta shi da gilashin ido da agogo.

A kan ruwa

Daga Kuala Tahan ku koma Kuala Lumpur ku kwana, a wanke kaya, washegari ku hau jirgin sama na awa ɗaya zuwa Langkawi. Tsibirai 99 ne a jihar Kedah, UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihin ƙasa da duwatsu a 2007. Hutun mako a Kedah Juma'a da Asabar ne, ku yi lissafin banki da ofis da haka.

Tunda babu matuƙi a cikinku, hayar jirgi ba direba ba ta taso ba, kamfanoni ma sai sun ga takardar shaidar tuƙi da ta rediyo. Ku ɗauki jirgi da kyaftin ɗinsa, na kwana uku ko huɗu, daga Kuah ko Telaga ko Rebak. Ku zaɓi katamaran, mai gangar jiki biyu, tsawon ƙafa arba'in, ɗaki huɗu. Ya fi mai ganga ɗaya tsada, amma ba ya kishingiɗa in iska ta bugi filafilai, jiri ya fi sauƙi a cikinsa, kuma ma'aurata suna samun ɗaki da banɗaki nasu. Langkawi ba a biyan harajin kaya tun 1987, giya tana da araha, kuma jiragen yawon faɗuwar rana da ake cika baƙi a ciki galibi da ita da kiɗa suke tafiya. A hayar da taku ce ku kaɗai, ku rubuta tun farko cewa ba giya, abinci halal, kuma kyaftin ba ya sha yana bakin aiki. A takardar yarjejeniya a fayyace wa ke biyan mai, kuɗin tsayawa a tasha, abincin kyaftin, da nawa ne kuɗin ajiyar da ake mayarwa in ba a lalata komai ba. Ku tambayi lasisin ɗaukar fasinja da inshora. Akwati mai tauri ba shi da wurin zama a jirgi, a bar shi a masauki a shiga da jaka mai naɗuwa.

Jirgi irin wannan yana yin kilomita tara zuwa goma sha ɗaya a awa, kuma zangon awa biyu ko uku a rana ya wadatar. A Fabrairu da Maris ana kwana a kudu da yammacin tsibirai, inda tudu ya tare iska: lungunan Dayang Bunting mai tafkin ruwan daɗi a cikin duwatsu, Singa Besar, sai Telaga. In yanayi ya ba da dama a zaga gabas a shiga mashigar Kilim, tsakanin dogayen duwatsu da itatuwan bakau masu saiwa a waje, inda shirwa mai jan baya da farin kai take shawagi. Ruwan Langkawi kore ne mai ɗan gurɓata, ba garau ba kamar na hotuna. Mai son kallon kifi a ƙasa sai ya tambayi Pulau Payar da ke kudu. Kada ku yarda da tafiyar dare, ragar masunta da tarkunansu sun cika wurin kuma da yawa ba fitila. Abu ɗaya kuma da ya shafe ku fiye da Turawan da kyaftin ya saba ɗauka: tsibirin Tarutao da kuke hangowa a arewa na Tailan ne, haka Lipe. Su suna iya tsallakawa ba biza, ku ba haka ba, kuma bizar shiga sau ɗaya ta mutu da zarar an buga muku fita. Ku gaya masa tun a tasha.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mutum biyun da ba su iya iyo ba su sa rigar ceto duk lokacin da suke wajen ɗaki, kuma kowa ya sa a ƙaramin kwalekwalen roba, domin a nan aka fi faɗawa, wajen sauka da hawa. A gwada rigar a tasha, a ɗaure igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, in babu ita rigar takan haye kai ta bar mutum a ƙasa. In da hali su yi darasin iyo ko na mako uku ne kafin tafiya, ko don su koyi kwanciya a kan ruwa ba firgita. Kafin a kwance igiya kyaftin ya nuna wa mutum biyu yadda ake kashe inji, jefa tayar ceto, da kira a tasha ta 16 ta rediyo. Lambar gaggawa ta waya 999 ce. In wani ya faɗa, mutum ɗaya ya tsaya yana nuna shi da yatsa ba ya ɗauke ido, don kai a cikin igiyar ruwa yana ɓacewa cikin daƙiƙoƙi. Hannu ɗaya kullum yana riƙe da wani abu. A cire zobe kafin a taɓa igiya, kuma kada a naɗe ta a hannu. Maganin jiri kamar Stugeron ana shan sa awa biyu kafin tashi, bayan an fara amai ba ya zama a ciki. Wanda zuciyarsa ta tashi ya fito waje ya kalli inda sama ta haɗu da ruwa, ya tauna citta, ya ajiye waya.

Teku a nan tana cika ta janye sau biyu a yini, kuma a tsakiyar watan Musulunci da ƙarshensa bambancin yakan kusa mita uku. Shi ya sa ake auna sarƙar anka da cikar ruwa: in zurfi mita shida ne a janye, a ƙara uku na cika da ɗaya na tsayin goshin jirgi, goma ke nan, a saki aƙalla ninki huɗu, mita arba'in. Wanda ya saki ashirin da huɗu, tsakar dare ruwa zai ɗaga jirgi ankar ta tumɓuke. Aikin kyaftin ne, amma ku tambaye shi ku ji amsarsa. Haka kwalekwalen da aka bari a bakin yashi, a ja shi sama a ɗaure, in ba haka ba ku dawo ku tarar ya tafi.

Ruwan daɗi a lissafe yake. Tanki mai lita 600 ga mutum bakwai na kwana huɗu lita 21 ne ga kowa a rana, wanka da wanke-wanke da tsarki duk a ciki. Na sha daban: lita uku ga kowa, wato kwalba 56 ta lita ɗaya da rabi. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ya zo a kan tsarkinsa, a ɗebo da guga a tanadi na tanki. Ku zo da buta, kuma kada a jefa takarda ko auduga a masai na jirgi, bututunsa siriri ne. Alƙibla a can tana yamma, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 291. Wanda ya saba fuskantar gabas zai ji baƙon abu ranar farko. Jirgi a kan anka yana juyawa da iska, a duba kamfas kafin a tayar da salla.

Ga dalilin hutun da na ce a bari tsakani. Mutane suna cewa ruwan gishiri yana warkar da ciwo, amma ruwan teku mai ɗumi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke shiga ta buɗaɗɗen rauni su kumbura ƙafa cikin yini guda, abin ya fi tsanani ga mai ciwon sukari ko na hanta. Cizon matsattsaku da bororon da ya fashe a rufe su da filasta mai hana ruwa, a wanke da ruwan daɗi bayan an fito. Jan da ke yaɗuwa da zafi da zazzaɓi na asibitin Kuah ne a ranar. Akwai kuma ubur-ubur, halittar nan mai laushi mai dogayen zaruruwa masu harbi, kuma nau'inta mai siffar akwati ya taɓa kashe mutane a Langkawi. Kayan iyo masu rufe jiki duka kariya ce ta gaske. A ajiye kwalba biyu ta binega, wato ruwan khal, a inda hannu zai kai. In ta yi harbi a kwarara shi a wurin na daƙiƙa talatin aƙalla, a cire zaren, ba gogewa, ba ruwan daɗi, a kira agaji, a shirya danna ƙirji in numfashi ya tsaya.

Bayan kun dawo gida, duk zazzaɓin da ya zo cikin wata guda kada a ce maleriyar da aka saba ce a sayi magani a kemis. A gaya wa likita an shiga kurmin Malesiya an yi wanka a rafi, don ya duba knowlesi, wadda gwajin gaggawa kan kuskure, da dengi, da cutar fitsarin ɓera da ake ɗauka a ruwan kogi. Kafin sakamako ya fito farasitamol kawai, banda asfirin da ibuprofen, saboda suna ƙara zubar jini in dengi ce.

Idan kuwa Disamba ce kaɗai kuke da ita, ku ajiye Taman Negara zuwa wata shekara, ku yi duka biyun a Langkawi. Tana da kurminta: hanyar da ta tashi daga magangarar ruwa ta Telaga Tujuh ta haura dutsen Mat Cincang, mai tsayin mita ɗari bakwai da 'yan kai, aikin yini guda ne da jagora, ƙarshenta ma da igiya ake hawa, ga kuma Gunung Raya mai mita 881. Ba za ku kwana a kogo ba, amma za ku sami busasshiyar hanya da iska mafi kyau ta shekara a filafilanku. In kuma hutun ya faɗo tsakanin Mayu da Satumba, ku yi Taman Negara ku wuce gabas ta Kuala Besut zuwa tsibiran Perhentian, ko ta Merang zuwa Redang, inda ruwa yake garau a lokacin, sai dai jiragen filafilai na haya ba su da yawa a can, a nemi wuri tun wata uku kafin tafiya.